Dalilin da ya hana su cewa "mun gani"

Ɗana,

Saƙonka ya iso ni bayan la'asar. Ka ce ka karanta yadda masu binciken gwajin CMS a CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai, suka tsamo wata ƙanƙanuwar ƙwaya mai suna X(3872) daga karon cibiyoyin zarrar dalma, amma suka tsaya ga "akwai alama", suka ƙi cewa sun gan ta. Kana tambaya ko tsoro ne, kuma wa ya kafa wannan al'ada.

A sana'armu ta kimiyyar ƙwayoyin zarra, da sigma muke auna nisan sakamako daga abin da katari zai iya haifarwa; in ya kai sigma 3 sai a ce alama. Sai ya kai sigma 5 ake buɗe baki a ce an gani, domin a nan yiwuwar katari kawai ya haifar da tudun da ke nuna ƙwayar a kan zanen ƙidaya bai wuce kusan ɗaya cikin miliyan 3.5 ba. Nasu a 4.2 ya tsaya. Wuya ce ta koya mana wannan. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Ni kaina an sare ni. A 2003 masu bincike a cibiyar SPring-8 ta Japan suka ba da labarin wata ƙwaya mai kwak biyar, alhali furoton da muka saba da shi a cibiyar zarra uku gare shi; kwak su ne ƙananan tubalan da ke gina irin waɗannan ƙwayoyi. Wasu ɗakunan bincike suka ce su ma sun hango ta. Don murna na ɗauki alli na zana da'ira biyar a allo, ɗalibai suka kwafa a littattafansu. Da aka sake gwaji da bayanai masu yawa, sai tudun ya baje. Na koma aji na ce su soke shafin, kuma har yau ina tuna wata yarinya a layin gaba da ta ce, "Malam, to wanne za mu yarda da shi?" Sai a 2015 tawagar gwajin LHCb ta CERN ta samo masu kwak biyar na gaskiya, su ma wasu ne dabam.

Yanzu dubi aikin CMS. A bayanan 2018 sun tace karo wajen biliyan 13, kowanne yana iya watso dubban ƙwayoyi, suka fito da X kusan 100. Ita ba ta daɗewa balle a kama ta; ɓaraguzanta ake bi, wato ƙwayoyin da take rushewa ta zama: J/psi ɗaya da fayon biyu. A irin wannan cunkoso, ɓaraguzan da ba su haɗa komai ba kan dace su yi kama da ita. Allura ce cikin ruwa.

Kuma ƙidayar tana da nauyi. Tun da tawagar gwajin Belle ta Japan ta gano X a 2003 ake gardama: kwak huɗu ne a dunƙule, ko mesan D biyu ne, ƙwayoyi masu kwak bibbiyu, da suka riƙe juna sako-sako? Karon dalma yana dafa zazzafan romon kwak da guluwon, ƙwayoyin da ke ɗaure kwak da juna, kuma yadda dunƙulalliya za ta haɗu ko ta narke a cikinsa ba zai zo ɗaya da na mai sako-sako ba. Yawan da aka ƙirga shi zai taimaka a raba gardamar, in an kuskure kuwa a kai mutane daji shekara da shekaru.

Don haka in ka zo kan wannan sakamako a rubutun kammala karatunka ka sa "alama", ka rubuta 4.2 kusa da ita. Turo mini babin kafin ka kai wa malaminka. Ka gaida mahaifiyarka.

Kawunka