Igiyar Leko Ko Gidan Sauro? Amsoshin Tambayoyinku Kan Zazzaɓin Cizon Sauro

Tun shekarar 2008 ake ware ranar 25 ga Afrilu domin wayar da kai kan zazzaɓin cizon sauro a faɗin duniya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2023 an samu masu kamuwa da cutar kusan miliyan 263, ta kuma kashe mutum kusan 597,000, akasarinsu yara ƙanana ne a Afirka. Tambayoyin wannan makon duk a kan abin da iyali za su kashe kuɗinsu ne don kare kansu.

Wata uwa mai 'ya'ya uku ta rubuto: "Kullum da magariba sai na kunna igiyar leko a ɗakin yara, wani lokacin kuma mu yi feshi. Maigida ya ce sayen gidan sauro ɓarnar kuɗi ne tunda muna da waɗannan. Gaskiya ne?"

'Yar'uwa, da girmamawa ga maigida, a nan bai yi daidai ba. Macen sauron da ake kira anofilis, ita ce mai ɗauke da ƙwayar cutar, kuma aikinta na dare ne, daga faɗuwar rana har asuba. Igiyar leko tana ci ta ƙare, feshi yana gushewa, sai dare ya raba yara suna sharar barci, ƙafafu a waje, ita kuma ta samu yadda take so. Gidan sauro mai magani yana nan har gari ya waye, kuma aiki biyu yake yi: yana tare sauro, yana kashe wanda ya sauka a kansa. Mai inganci yana kai kimanin shekara uku, yana jure wanki kusan sau 20. Ki lissafa igiyar leko ta shekara uku ki gani, wane ne ya fi cin kuɗi? Ga kuma hayaƙin da yara ke shaƙa a rufaffen ɗaki.

Kafin ki saya, ki fara tambaya a asibitin da ke kusa da ke, domin ana rabawa masu ciki da masu ƙananan yara kyauta a ƙasashe da yawa, da tallafin Asusun Duniya na Yaƙi da Ƙanjamau, Tarin Fuka da Maleriya, wanda aka kafa a 2002. In kuma saye ya kama, ki duba jikin ledar: a rubuce take cewa mai magani ne mai daɗewa? Akwai sunan kamfani da ranar da aka yi shi? A wurare da yawa sauro ya fara sabawa da tsohon maganin da ake sakawa, shi ya sa a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sababbin gidajen sauro masu haɗin magani biyu. In kin samu irinsu, su za ki ɗauka.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake lalata shi bayan an samu. Sabo fil, a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana ciki, saboda ƙaiƙayi da zafin fuska da wasu ke ji. Kada a shanya a rana. A wanke da sabulu mara ƙarfi, ba tare da dirza ba. Da dare a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma ta kowane gefe. Na sha ganin gidan sauro an rataye shi da kyau, amma ga wata ɓula kamar tafin hannun jariri daidai wajen kan yaron. Allura da zare kawai take buƙata.

Wani magidanci ya tambaya: "Da zarar jikina ya yi zafi nakan wuce kyamis in sayi maganin maleriya. Me zai sa in ƙara kuɗin gwaji?"

Malam, domin ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Taifot, ciwon haƙarƙari da ciwon sanyin mafitsara duk suna zuwa da zafin jiki. In ka sha maganin maleriya alhali wata cuta ce, ka yi asarar kuɗi, ita kuma tana can tana cin jiki. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani. Gwajin nan ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 ka ga sakamako.

In ya nuna akwai, maganin da aka yarda da shi shi ne ACT, wanda ke da sinadarin atemisinin a haɗe da wani. Masaniyar nan ta ƙasar Sin, Tu Youyou, ita ta gano atemisinin, ta samu kyautar Nobel a 2015. Irin da aka fi sani ana sha sau shida cikin kwana uku, bayan an ci abinci mai ɗan maiƙo. Don Allah ka shanye duka. Mutane kan ji sauƙi a rana ta biyu su ajiye sauran "saboda wani lokaci", kuma irin haka na taimaka wa ƙwayar cutar ta gagari magani. Haka aka rasa kulorokwin, tsohon maganin maleriya. Yanzu ma an ga alamun ƙwayar ta fara jure atemisinin a Ruwanda, Yuganda, Eritiriya da Tanzaniya. Ka saya a kantin magani mai rajista, ka duba ranar lalacewa, domin jabu sun yi yawa.

Yaro kuwa, in ya fara jijjiga, ko amai ba tsayawa, ko ya kasa shan nono, ba maganar kyamis ba ce. Asibiti nan take.

Wata kaka ta ce: "An yi wa jikana sabuwar allurar maleriya. Sai mu naɗe gidan sauro ke nan?"

A'a Hajiya, a bar shi a rataye. Alluran rigakafi biyu Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su, RTS,S a 2021 da R21 a 2023. A Ghana, Kenya da Malawi, inda aka fara yi wa yara tun 2019, mace-macen yaran da suka isa karɓa ya ragu da kashi 13 cikin ɗari, kuma wannan babbar nasara ce. Amma tana rage haɗarin ne, ba ta hana cizo, kuma yaro na iya kamuwa duk da ita. Sau huɗu ake yi, daga kusan wata biyar da haihuwa. Ta huɗun ita aka fi mantawa da ita saboda tazarar da ke tsakani, don haka ki adana katin rigakafin, ki riƙa tuna wa uwarsa ranar komawa.