Amsar baffa kan yanke farashin albasa

Ɗana, saƙonka ya iso, ƙanwarka ta karanta mini bayan la'asar. Ka ce 'yan ƙungiyarku ta masu albasa sun zauna sun yanke kuɗin buhu, duk wanda ya sayar ƙasa da haka a ci shi tara, kuma sun ce maka al'adar kakanni ce. Kana so ka ji ko gaskiya ne, kuma ko hukuma na iya kama ku. Da farko dariya na yi, yau kai ne ke tambayar al'ada, kai da gaisuwa ma sai ta waya. Daga baya kuma jikina ya yi sanyi.

Zamanin Acheampong, shugaban mulkin soja na Gana, ina saurayi, ni ke riƙe wa kakanka littafin bashi a gidansa na Zango, nan Kumasi. Fataken goro daga Kano da Sakkwato wurinsa suke sauka, ya ba su ɗaki da tuwo, ya tsaya musu a ciniki, ya karɓi la'adarsa. Wata shekara goro ya yi ƙaranci, manoman Asante suka ƙi sakin kaya da araha. Sai manyan dillalai suka taru a zaurenmu bayan isha'i, ni ina bakin ƙofa da butar shayi. Suka ce daga yau kada kowa ya ƙara wa manomi ko sisi, in ya gaji da ajiya ai ya kawo da kansa. Aka ɗora Alƙur'ani a kan buzu, kowa ya matso ya dafa. Da aka zo kan kakanka sai ya mayar da hannunsa cikin riga. Ya ce wanda ya noma goron nan ba ya cikin zauren, shi kuwa ba ya rantsuwa a kan gumin mutumin da ba a kira ba. Zauren ya yi tsit, wani ya ɗauki takalminsa ya fita ko sallama babu.

Kwana huɗu tsakani, na fito alwalar asuba, sai na hangi mota a bayan gidan wanda ya fi kowa ɗaga murya a daren nan. Yara na ta loda huhunan goro, ganyen da aka naɗe su ko bushewa bai yi ba. Ashe cikin dare ya bi ƙauyuka ya ƙara wa manoma kuɗi, ya kwashe kayan. Kafin Juma'a ta zagayo kowa ya bi sahunsa a ɓoye, rantsuwa na wuyansu. Da na kai wa kakanka labari, cewa ya yi ba a ba kura ajiyar nama. Irin wannan haɗin baki, ribarsa mafi tsoka tana wurin wanda ya karya shi alhali sauran suna riƙe, kuma kowa a cikinsu ya san haka. Shi ya sa ba ya tsayuwa sai da tara da barazana.

Da wannan raunin hukumomin waje ke kama su. Amurka ta hana haɗa baki kan farashi tun 1890, yanzu har ɗaurin shekara 10 ake yi. A Turai, a 2016, an ci kamfanonin manyan motoci tarar kusan Yuro biliyan 3, amma MAN da ya fara tona asirin bai biya komai ba. Haka aka kama masu burodi a Afirka ta Kudu a 2007, ɗayansu ne ya fasa ƙwai. Najeriya ta kafa tata dokar a 2019. Mu nan Gana an daɗe ana maganar ƙudurin, ana ta jan ƙafa.

Ita ma gwamnati ta gwada yanke wa 'yan kasuwa farashi da bulala, lokacin kalabule, wato ɓoye kaya da cin ƙazamar riba. A watan Agusta 1979 sojoji suka rushe kasuwar Makola a Akra, kaya kuwa sai suka ƙara ɓuya. Malaminmu na allo kan karanta mana cewa an roƙi Annabi (SAW) ya yanke farashi a Madina da tsada ta yi yawa, ya ce Allah ne mai sanya farashi. Annabi ya kuma ce babu mai ɓoye kaya sai mai laifi.

Ƙungiyar da na tashi na sani, aikinta jana'iza ne da suna, da sasanta rikicin bashi, da tara wa wanda motarsa ta faɗi a hanya abin sake jari. Ku yaran yanzu kun bar wannan ya mutu, mutum ya kwanta ciwo wata guda ba mai leƙa shi, amma ranar yanke kuɗin buhu ba wanda ke makara. Ka tuna da matar da ke zuwa da 'yan sidinta ta sayi albasar miya, ita ma ba a kira ta zaman ba.

Ba ka faɗa mini tarar nawa ce ba, da aljihun da take shiga. Ka bincika, in ka zo Sallah mu zauna. Ka gaida mahaifiyarka.