Amsa kan ƙafar Baba da ba ta jin taɓawa amma tana zugi da dare

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce ya daɗe yana fama da ciwon suga, kwanaki ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa bai sani ba sai da aka ga jini a takalminsa, amma da dare ba ya runtsawa saboda zugi da raɗaɗin ƙafar, har wasu a gida sun fara cewa ko raki ne ko sammu. Kina tambaya yaya ƙafar da ta mutu za ta yi ciwo. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin da ake wanke gyambon masu suga, kuma da wuya mako ya wuce ban ji irin wannan kukan ba. Baba ba raki yake yi ba. Mutuwar ƙafar da zugin duk tushensu ɗaya ne.

A cikin fata akwai bakunan wasu jijiyoyi sirara waɗanda ba na jini ba, aikinsu kai saƙo ne kawai. Idan wani abu ya taɓa ki, su ne ke ɗaukar labarin zuwa laka da ke cikin ƙashin baya, laka ta miƙa wa ƙwaƙwalwa, sai a can ne ake sanin an taɓa ki da kuma wurin da aka taɓa. Kuma kowane saƙo da hanyarsa. Na taɓawa yana bin jijiyoyi masu kauri masu rufin kitse, yana gudun mita 35 zuwa 75 a daƙiƙa ɗaya. Na ciwo hanyarsa biyu ce: ɗaya mai ɗan sauri, ɗaya kuma siririya ce ƙwarai, ba ta da rufi, gudunta bai wuce mita 2 a daƙiƙa ba. Shi ya sa idan kika yi tuntuɓe za ki fara jin wani zafi mai kaifi nan take, sai bayan ɗan lokaci zugin ya biyo baya. Idan kuma kika dafa murfin tukunya mai zafi, kina fizge hannu tun kafin ki tantance me ya faru, domin laka ce ta ba da umarnin ba tare da ta jira ƙwaƙwalwa ba.

To, suga idan ya daɗe yana sama yana lalata waɗannan jijiyoyin, yana kuma lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su. Mafi tsawo su ke fara taɓuwa, wato waɗanda suka taso daga baya har zuwa yatsun ƙafa, shi ya sa abin ke farawa daga yatsu yana hawowa, galibi a ƙafa biyun. Jijiyar da ta lalace kamar wayar lantarki ce da ɓera ya gwaigwiye: ba ta kai wuta inda ake so, amma tana ta tartsatsi ita kaɗai. Ƙusa ta shiga, saƙon bai isa ba. Da dare babu abin da ya taɓa shi, jijiyar tana ta aika saƙon ƙuna, ƙwaƙwalwa kuma ba ta da yadda za ta gane na ƙarya ne, sai ta ajiye zafin a tafin ƙafa. Na sha ganin wanda aka yanke wa ƙafa daga gwiwa yana riƙe da ƙarfen gado yana cewa babban yatsansa na masa zugi, alhali yatsan babu shi. Duk wanda ya ga wannan ba zai sake ce wa mara lafiya yana raki ba.

Ko barkono ma haka yake mana. A 1997 wani masani a Amurka, David Julius, ya gano cewa abin da ke sa yaji a barkono yana tada bakin jijiyar da ke jin zafin da ya haura kimanin digiri 43, sai baki ya ji ƙuna alhali babu wuta. Aikin ya kai shi ga lambar Nobel a 2021, tare da Ardem Patapoutian wanda ya gano yadda jiki ke jin taɓawa da danni.

Kin ce idan kuka murza masa ƙafar yakan ɗan samu sauƙi. Wannan ma sananne ne. Tun 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka bayyana cewa a cikin laka saƙon taɓawa yana iya danne na ciwo kafin ya hau sama. Ku ci gaba, amma a hankali, in kuma ya ce taɓawar ce ke ƙara masa, ku bari. Wasu ko mayafi ba sa iya jurewa a kan ƙafarsu.

Ni dai abin da ya fi tsorata ni a labarinki ƙusar nan ce, ba zugin ba. Zugi yana hana barci, amma rashin jin ciwon ne ke kai mutum ga yankan ƙafa. Likita Paul Brand da ya yi aiki da masu cutar kuturta a Indiya ya nuna cewa yawancin asarar yatsunsu daga rauni da ƙunar da ba su ji ba take fitowa, suna ta aiki da hannu mai ciwo har ya ruɓe. Hanyar da ƙafar mai suga ke bi ke nan. Lokacin hunturu ne muka fi shan wahala: tsoho ya miƙa ƙafa kusa da kaskon garwashi saboda yana jin ta da sanyi, barci ya kwashe shi, a wayi gari tafin ya yi bororo. Wani kuma jikarsa ta kawo masa ruwan alwala daga kan wuta, ya zuba a ƙafa bai ji komai ba.

Saboda haka kullum wani ya duba masa ƙafa da ido, tafi da dunduniya da tsakanin yatsu. Ruwan alwala da na wanka wani ya fara gwadawa, bayan alwala kuma a tsane tsakanin yatsun. Kada ya taka ƙasa babu takalmi, ko a tsakar gida, ko dandamalin masallaci da rana, kuma a zazzage takalmin a sa hannu ciki kafin ya saka. A shafa mai a kan kaushi da faso, amma ban da tsakanin yatsu. Don Allah kada a bari a yi masa tsaga ko ƙaho a ƙafar, kada kuma a kankare kaushi da reza. Farce a yanke shi a miƙe, ba a ƙwaƙule gefensa.

Maganar magani kuwa, farasitamol da irin magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis ba su cika yin aiki ga wannan zugin ba, domin ba kumburi ne ya kawo shi ba. Akwai waɗanda ke kwantar da jijiyar kanta, irin su amitiriftilin da gabafentin da firegabalin, amma likita ne zai zaɓa ya kuma auna, saboda suna sa jiri da barci, ga shekarun Baba, ga kuma batun ƙoda. Sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kada ya yanke ƙauna a kwana uku. Tiramol kuwa kada ku fara sayo masa da kanku. Idan ya daɗe yana shan maganin suga mai suna metfomin, ku nemi a duba sinadarin bitamin B12 a jininsa, don maganin yana iya rage shi, ƙarancinsa kuma yana ƙara lalata jijiya. Daidaita sugan shi ne ke rage saurin lalacewar.

Wurin da ƙusar ta shiga kuwa, kada ku jira ranar ganin likitansa. Ku kai shi asibiti gobe a duba, a kuma yi maganar allurar tetanus. Idan kun ga wurin ya kumbura, ko yana wari, ko yana ruwa, ko ya fara baƙi, ko Baba ya yi zazzaɓi, to yau ɗin nan za ku tafi, ko da ya ce muku shi ba ya jin komai.