Tambaya da Amsa: Yadda Ake Auna Aikin Mai Bincike a Kan Ƙwayoyin Gadon Yis

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na kammala digiri na biyu a fannin ƙananan halittu, ina neman gurbin digirin digirgir a ƙasar waje kan ƙwayoyin gadon yis. Farfesoshi biyu sun amsa mini. Shafin na farko a Google Scholar ya nuna an ambaci ayyukansa sau dubbai, na biyun kuwa bai kai rabin haka ba. Na farkon zan bi? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki yanke hukunci tukuna. Wannan jimilla tana nuna sau nawa wasu maƙalu suka sanya sunan aikinsa a cikin manazartarsu, ba ta faɗin dalilin sanyawar. A fannin yis kuwa, dalilin shi ne abin dubawa.

Ki danna kan adadin ambato domin maƙalun su jeru daga mafi yawa zuwa ƙasa, ki ɗauki goma na sama ki rarraba su. Kashi na farko maƙalun dabarun aiki ne. Duk wanda zai cusa DNA cikin yis da sinadarin litiyam asitet yakan ambaci Ito da abokan aikinsa na 1983, ko Gietz da Schiestl na 2007. Wanda ya yi amfani da zobban DNA na jerin pRS zai ambaci Sikorski da Hieter na 1989, wanda ya shuka nau'in yis BY4741 kuma zai ambaci Brachmann da abokansa na 1998. Irin waɗannan sukan tara ambato dubbai, kuma sun cancanta, domin sun sauƙaƙa wa kowa aiki. Amma mutum guda da ke cikin marubutan irin wannan maƙala zai iya samun rabin jimillarsa daga ita kaɗai.

Kashi na biyu ayyukan gayya ne. Tun da aka kammala karanta dukkan DNA na yis ɗin burodi, Saccharomyces cerevisiae, a 1996, aka samu ƙwayoyin gado kusan 6,000 a kan sandunan gado 16, manyan ayyuka suka koma na taron dangi. Maƙalar 2002 ta mujallar Nature da ta bayyana tarin yis ɗin da aka cire wa ƙwayar gado ɗaya bayan ɗaya, marubutanta gommai ne, kuma kowannensu ana lissafa masa ambaton gaba ɗaya, ba a rabawa. Kashi na uku maƙalun bita ne, masu tattara abin da wasu suka gano. Su ma sukan fi binciken asali samun ambato. Abin da ya rage bayan kin ware waɗannan uku shi ne binciken ɗakin gwajinsa.

Daga nan ki duba inda sunansa yake. A al'adar wannan fanni, na farko a jeri shi ne ya yi yawancin aikin da hannunsa, na ƙarshe shi ne mai ɗakin gwajin. A PubMed, rumbun neman maƙalun likitanci da ilimin halittu, ki rubuta sunan farfesan haɗe da alamar [lastau], ki taƙaita ga shekara biyar da suka wuce. Ki rubuta sunayen waɗanda suka zo na farko a maƙalun, ki binciki su waye. Idan ɗaliban digirgir ne, kowa da maƙalarsa ɗaya ko biyu kafin ya gama, wannan ɗaki yana yaye mutane. Idan kuwa sunan farfesan a tsakiyar jerin wasu yake ta fitowa, ɗalibansa ba sa bayyana, to ki yi tambaya kafin ki sa hannu. A ganinmu wannan ya fi kowace lamba muhimmanci gare ki, domin shekara huɗu ko biyar na rayuwarki za ki miƙa masa.

Sai ma'aunin h, wanda masanin fiziks Jorge Hirsch ya gabatar a 2005. Shi ne adadi mafi girma na maƙalun mutum da kowacce aka ambace ta aƙalla sau wannan adadin. Misali, mutum yana da maƙalu takwas da aka ambata sau 40, 22, 15, 9, 6, 5, 3 da 1. Ta biyar tana da 6, ta kai biyar. Ta shida tana da 5, ba ta kai shida ba. Ma'auninsa 5 ke nan. Ba ya raguwa ko da mutum ya daina bincike, don haka yana fifita wanda ya daɗe. Ki raba shi da yawan shekarun da suka wuce tun maƙalarsa ta farko. Mai 45 a shekara 30 da mai 21 a shekara 14, dukansu 1.5 suke.

TAMBAYA: Ina cikin kwamitin tantance takardun ƙarin girma. Mai nema ya kawo adadin ambato daga Google Scholar, muka duba rumbun Scopus muka ga ƙasa da haka sosai. Shin ƙarya ya yi? Daga wani malamin jami'a a Kano.

AMSA: Malam, ba lallai ba ne. Google Scholar yana ƙirga kundin digiri, takardun taro da maƙalun da ba a riga an tantance ba, irin na bioRxiv. Scopus da Web of Science suna ƙirga abin da ke cikin mujallu da sauran majiyoyin da suka zaɓa ne. Saboda haka na Google kusan kullum ya fi yawa. Ku tsayar da rumbu ɗaya ga dukkan masu nema, ku rubuta ranar da aka duba, ku cire ambaton da mutum ya yi wa kansa. Scopus da Web of Science suna da wannan zaɓi. Ku nemi lambar ORCID, wato lambar shaida ta kowane mai bincike, domin suna iri ɗaya yakan sa a haɗe mutum biyu ko a raba mutum ɗaya gida biyu. Ku kuma duba rumbun Retraction Watch, don maƙalar da aka janye takan ci gaba da samun ambato.

Kada ku gwada mai binciken yis da mai binciken sankara lamba da lamba, masu rubutu a kan sankara sun fi yawa nesa ba kusa ba. Manhajar iCite ta Cibiyoyin Lafiya na Amurka tana auna kowace maƙala da takwarorinta na fanni, inda 1.0 ke matsayin tsaka-tsakin maƙalun da cibiyoyin suka ɗauki nauyinsu.

TAMBAYA: An ce mini maƙalar da ba ta fito a Nature, Science ko Cell ba, ba ta da nauyi. Haka ne? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Tarihin yis bai goyi bayan wannan ba. Yoshinori Ohsumi ya buɗe ɗakin gwajinsa a Jami'ar Tokyo a 1988, ya duƙufa kan yadda ƙwayar yis ke narkar da sassan jikinta idan yunwa ta kama ta. A 1993, shi da ɗalibarsa Miki Tsukada suka bayyana ƙwayoyin gado 15 da wannan aiki ba ya yiwuwa sai da su, a gajeriyar maƙala a mujallar FEBS Letters. A lokacin masu bibiyar batun kaɗan ne. Sai bayan shekara ta 2000 fannin ya bunƙasa, aka gane alaƙarsa da sankara da cututtukan ƙwaƙwalwa. A 2016 ya karɓi kyautar Nobel shi kaɗai.

Ma'aunin tasirin mujalla yana duba shekara biyu ne kawai: ambaton da aka yi a 2023 ga abin da ta buga a 2021 da 2022, a raba da yawan maƙalun. 'Yan maƙalu kaɗan ne ke ɗaga shi, kuma aiki mai jinkirin karɓuwa irin na Ohsumi ba ya bayyana a cikinsa. Wannan ya sa sanarwar San Francisco ta 2012, wadda ake kira DORA, ta nemi a daina auna mutum da ma'aunin mujallar da ya buga a ciki. Mujallu irin su Genetics da Yeast sun ɗauki ayyukan da fannin ya ginu a kansu.

In kana son sanin nauyin aikin mutum a kan wata ƙwayar gado, ka shiga SGD, rumbun bayanan ƙwayoyin gadon yis na Jami'ar Stanford, ka buɗe shafin ƙwayar, ka duba sashen maƙalu. Ma'aikatan rumbun sun ware binciken asali daga maƙalun bita da waɗanda suka taɓo ta a wucewa. Ka lura da sauyin suna: ƙwayoyin da Ohsumi ya kira APG, wasu ɗakunan gwaji kuma suka kira AUT ko CVT, an haɗe su ƙarƙashin ATG a 2003. Wanda ya nemi ATG kaɗai a PubMed, maƙalun shekarun farko za su iya kuɓuce masa, don haka ka rubuta tsoffin sunayen tare da sabon.