Amsa ga Maman Ilham kan hayaƙin da ya rufe unguwarsu

Maman Ilham, wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi. Kin ce kun koma kusa da Hornsby a arewacin birnin Sidni na Ostiraliya, kin tashi da asuba kin tarar hayaƙi ya rufe ko'ina, wayarki ta nuna akwai wuta a gandun dajin Ku-ring-gai Chase, ga Ilham da asma, shin ki kwashe yara ki gudu ko ki zauna. Irin halin nan na shiga, har yau ban warke ba.

Fara buɗe manhajar gargaɗin gobara ta Hazards Near Me a wayarki ki taɓa alamar wutar ki karanta. In kin ga an rubuta Hazard Reduction, to da gangan aka kunna ta. Ma'aikatan gandun daji da 'yan kwana-kwanan RFS, hukumar kashe gobarar daji, ne ke ƙona busassun ganyen turare da ɓawon itace da suka taru a ƙasa, tun zafin Disamba bai zo ba, don in gobarar gaske ta tashi ta rasa abin ci. Galibi wajen Afrilu da Mayu suke yi, sai kuma Agusta zuwa Satumba. Wannan wutar ana tsaye a kanta, ba sai kin gudu ba. Amma don Allah kada kowa ya ce miki "ai hayaƙi ne kawai."

Wannan maganar ce aka faɗa mini. Lokacin muna zaune a gefen Penrith, gindin Blue Mountains, ina aikin dare a gidan kula da tsofaffi. Wata Mayu aka ƙona daji, iska ta tsaya cak, sanyin dare ya danne hayaƙin ya kwanta a kan gidaje, abin da Sidni ta saba yi saboda a kwari take. Ni kuma na raina shi, na ce mu da muka girma cikin hazon hunturu. Ƙarfe biyun dare Baban Hafsa ya kira, ina jin numfashin yarinyar ta waya kamar ana busa usur. Na je wajen mai kula da mu na roƙe ta ta bar ni in tafi. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce ba gobara ba ce, ƙonawar hukuma ce, kowa ma yana shaƙa, babu wanda zai karɓe ni sai ƙarfe shida. Na tsaya a gabanta ina kuka, mace mai 'ya'ya kamata, ta ci gaba da danna kwamfuta. Na koma ina juya tsofaffi a gado hannuna na rawa, ina tsoron in na fita biza ta lalace. Minti arba'in na ɓata a haka. Da na isa asibiti na tarar da Hafsa da robar iska a fuska, leɓenta ya canja kala, shekararta biyar. Kwana uku muka yi. Matar nan da na dawo aiki ko sannu ba ta ce mini ba, takardar likita ta fara tambaya. Na bar ta da Allah, amma ban yafe ba.

Saboda haka ki kwana da abin shaƙarta mai shuɗi a kusa, tare da robar da ake haɗa shi da ita. Abin da suka koya mana: fesa huɗu, kowace fesa numfashi huɗu, ki jira minti huɗu. In ba sauƙi, ki kira lambar gaggawa 000, kada ki tsaya neman shawarar kowa, har da mu nan. Rufe tagogi tun magariba, ki toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tawul, na'urar sanyaya ɗaki ki sa ta juya iskar ciki. Da dare da asuba ya fi muni, in rana ta ɗaga ya washe sai ki buɗe gida. Takunkumin takarda ba ya tare komai, sai mai tace hayaƙi da ake kira P2, shi ma ba ya zama daidai a fuskar ƙaramin yaro. Ki kwashe shanya ma, ni kayan sallarmu sati biyu suna wari.

Gobarar gaske kuwa, gargaɗinta a manhajar launuka uku ne. Ruwan ɗorawa, a sa ido. Ruwan lemo, lamari na canjawa, ki fara motsi. Ja, rai na cikin haɗari. Ni tun 2019 ba na jiran ja. Shekarar da wutar Gospers Mountain ta tashi daga tsawa a dajin Wollemi ta cinye sama da hekta 500,000, baƙin ganye yana faɗo mana a tsakar gida, rana ta koma ja kamar garwashi. Tun daga nan fasfo ɗinmu da magunguna da caja suna jaka ɗaya a bakin ƙofa daga Oktoba har Maris. In aka ce gobe Catastrophic ce, wato matakin haɗarin gobara mafi muni, ku da kuke bakin daji ku bar gida tun dare ko da sassafe, ko ba wuta. Tartsatsi ke riga wuta isowa, kuma saƙon waya yana iya makara, shi ya sa nake kunna rediyon ABC a mota. Ki matsa wa mai gidan hayarku ya share indararo, ganye ke cika shi.

Ni ba na adawa da ƙonawar, na ga abin da dajin da ba a rage ba yake yi. Abin da nake so su riƙa tuna masu ƙananan yara. Shafin RFS yana jera wuraren da za a ƙona kafin ranar, ki riƙa dubawa, ki kuma saka unguwarku da makarantar Ilham a manhajar don ta riƙa sanar da ke.

Yanzu Auburn muke, akwai ɗaki a buɗe. In daren yau ma hayaƙin ya yi kauri, ki ɗauko su ku zo, ba sai kin kira ba. Ki shafa mini kan Ilham, Allah Ya ba ta lafiya.