Saka VPN a rauta ta biyu kawai

Malam, ka tambaya ko za a iya saka VPN (hanyar da ke ɓoye zirga-zirgarka ta intanet) a rauta (na'urar rarraba intanet) ta biyu, a bar ta farko yadda take. Ana iyawa, kuma a ganina hakan ya fi, domin talabijin da wayoyin da ke bukatar VPN za su hau ta biyun, sauran kayan gida su ci gaba da saurinsu.

Ka haɗa kebul daga kafar LAN (inda intanet ke fita zuwa kayan gida) ta rautar farko zuwa kafar WAN (inda intanet ke shiga) ta biyun. Abin da ya fi muhimmanci shi ne adireshi: idan ta farko tana kan 192.168.1.1, ka mayar da ta biyu 192.168.2.1, in ba haka ba, za su yi karo, intanet ta tsaya cak. Sannan ka tabbatar rautar tana iya zama mai karɓar VPN, wato ta haɗu da kamfanin VPN da kanta, damar da manhajar rauta ta OpenWrt ke bayarwa, ka loda fayil ɗin saiti da kamfanin VPN ya ba ka. Cikin hanyoyin haɗa VPN, ka zaɓi WireGuard maimakon OpenVPN, saboda ƙaramar rauta ta fi ɗaukarsa cikin sauri. Daga ƙarshe ka kunna katsewar da ke rufe intanet idan VPN ya yanke.