Me ya sa labarin soyayyata yake mutuwa a tsakiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Shekara uku ke nan ina fama da rubuta littafin soyayya. Na fara guda uku, duka ukun sun tsaya a wajen babi na goma. Farkon yakan zo mini da sauƙi: haɗuwarsu, kallon farko, yadda suka soma magana. Amma da zarar sun gane suna son juna sai in rasa abin faɗa. Sai in ƙirƙiro wata ta yi masa ƙarya a kanta, ko ita ta gan shi da wata ta yi fushi, har ni kaina labarin ya gundure ni. Ga aiki, ga yara biyu, lokacin rubutun ma sai na sata. Wani lokaci nakan ce, tunda kowa ya san a ƙarshe za su kasance tare, mene ne amfanin wahalar? Don Allah ki ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ta fi taɓa ni, kuma ina jin sauran matsalar a cikinta take kwance.

Gaskiya ne mai karatu ya san ƙarshen, kuma saninsa ne ma ya sa ya ɗauki littafin. Ƙungiyar Marubuta Labaran Soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, abu biyu ta ce sai an same su kafin a kira littafi na soyayya: soyayyar ta zama ita ce ƙashin bayan labarin, ƙarshen kuma ya sanyaya zuciya ya bar mai karatu da kyakkyawan fata. Alkawari ne tsakaninki da shi tun daga bango. Abin da bai sani ba, wanda ke hana shi ajiye littafin ya kwanta, shi ne ta yaya. Yaya waɗannan biyun, da irin halin da kika ba su, za su kai can? In ya duba ya ga babu abin da zai hana su, labarin ya ƙare a wurinsa ko da sauran shafi ɗari biyu.

A nan littattafanki uku suka maƙale. Kin gina haɗuwa, ba ki gina abin da zai raba ba, shi ya sa da kika iso babi na goma kika je aro daga waje: maƙaryaciya, ganin kuskure, saƙon da aka karanta a baibai. Akwai gwajin da nake sa duk wanda ya kawo mini daftari ya yi. Ki zaunar da jarumarki da jaruminki a ɗaki ɗaya, ki ba su minti biyar, kowa ya faɗi gaskiyar abin da ya faru. In matsalar ta warware a minti biyar ɗin nan, to ba za ta iya ɗaukar nauyin littafi ba. Mai karatu yana yin wannan gwajin a ransa ko bai sani ba, shi ya sa za ki ji yana cewa, "Ita ma dai ta tambaye shi mana!" Gundurar da kike ji, hankalinki ne yake faɗa miki hakan tun kafin wani ya faɗa.

Shingen da ke riƙe littafi a cikin mutanen yake. Ga misali. A ce jarumarki Hadiza ce, babbar 'ya, mahaifiyarsu ta rasu tana da shekara 15, ita ta riƙe ƙannenta. Waɗanda suka yi alkawarin taimako duk sun zame ɗaya bayan ɗaya, sai ta ƙudurta a ranta cewa wanda ya jingina da mutum zai faɗi. Jarumin kuma Sadiƙ, ya tashi a gidan da ba a yabonsa sai ya yi wani abin amfani, don haka hanya ɗaya ya sani ta nuna ƙauna, wato ya ɗauke wa mutum nauyi. Yanzu ki haɗa su. Ya ji labarin bashin da ke kanta, ya biya a ɓoye yana ganin ya yi abin kirki. Ita kuwa ta ji an tsirara ta, an mayar da ita abin tausayi. Babu mugu a cikinsu, babu wanda ya yi ƙarya, kowa ya san abin da ya faru sarai, amma duk alherin da ya yi ƙara nisanta su yake. Ki zaunar da su awa biyar ma ba za ta warware ba, domin sai ɗayansu ya sauya, sauyin hali kuwa ba ya samuwa a zama ɗaya. Wannan sauyin shi ne babi na 11 zuwa na 30 da kike nema.

Ba ina nufin ki kori matsalolin waje ba. Rashin lafiya, nisa, dangin da ba su yarda ba, aikin da zai kai ɗaya wata ƙasa, duk suna da amfani matuƙar suna danna inda ciwon yake. In ƙanin Hadiza ya kwanta asibiti, abin da ya sa wannan ya shiga labarin shi ne zai tilasta mata ta buɗe baki ta roƙi wani, abin da ta rantse ba za ta ƙara yi ba.

Tsakiyar littafi kuma tana buƙatar abin da zai juya akalar labarin. Jane Austen, marubuciyar Ingila, a littafinta na soyayya Pride and Prejudice da ya fito a 1813 wanda har yau ake karantawa, babi 61 ta yi, kuma a babi na 34 jarumin ya nemi auren jarumar, ta ƙi shi ƙiri-ƙiri ta faɗa masa laifinsa a fuskarsa. Rabin littafin na biyu duk aikin gyara ne: shi yana sauke girman kansa, ita tana gane ta yi saurin yanke hukunci. Ki lura, furta so bai kashe labarin ba, sabon labari ya buɗe. Ke a wurin da kike ganin kin gama, a nan aikin yake farawa. Bayan sun matso kusa, sai tsoron kowa ya ƙaru, domin yanzu akwai abin rasawa. Can gaba, wajen kashi uku cikin huɗu na littafin, sai rabuwar ta zo, kuma ta fito daga wancan tsohon ciwon. Sulhun da zai biyo baya dole ya ci wani abu. "Ki yi haƙuri" ba ta isa ba. Ina so in ga Sadiƙ yana da halin warware mata matsala, ya daure ya tsaya a gefenta ya bar ta ta yi da kanta. Ina so in ga Hadiza ta ɗaga waya da hannunta ta ce, "Ina buƙatarka."

Abu ɗaya da nake yawan gogewa a daftarin sababbin marubuta shi ne shafuka na siffanta kyau da dukiya: idanu, hanci, mota, bene. Mai karatu yakan tsallake su. Abin da ke zama a ransa shi ne ƙaramin abin da mutum ɗaya kaɗai ya lura da shi, kamar Sadiƙ ya gane cewa duk sanda Hadiza ta ce "ba komai" tana murza zoben hannunta, to akwai komai. Haka hira. Masoya a takarda sun fi daɗi in bakinsu yana maganar wani abu, zuciyarsu tana wani. Kowace fitowa kuma ki tambayi kanki, me ya sauya tsakaninsu daga farkonta zuwa ƙarshenta? In babu, ki cire ta ko da kina son ta.

Sai batun lokaci. Kamfanin Mills & Boon da aka kafa a Landan a 1908, da Harlequin na Kanada da aka kafa a 1949 wanda ya saye shi a 1971, sun daɗe suna buga gajerun littattafan soyayya masu kalmomi kusan 50,000. Ki yi lissafi: kalma 500 a rana, wato abin da bai fi shafi biyu ba, cikin kwana 100 kin kai. Ko da kin fashe kwana biyu a kowane mako, wata biyar ya ishe ki daftari. Anthony Trollope, marubucin Ingila na ƙarni na 19, ma'aikacin gidan waya ne. Yakan tashi da sassafe ya ajiye agogo a gabansa, ya rubuta kalma 250 a kowane minti 15, sannan ya tafi aiki, kuma ya bar littattafan ƙagaggun labarai 47. Nora Roberts ta Amurka ta soma rubutu a 1979 lokacin da dusar ƙanƙara ta tsare ta a gida da 'ya'yanta ƙanana biyu, littafinta na farko ya fito a 1981, yanzu ta haura 200. Ba na ce ki yi gasa da su ba. Na kawo su ne don ki san cewa da satar lokaci irin taki aka rubuta littattafai masu yawan gaske.

Ki ware rabin awa guda, lokaci ɗaya kullum, wanda mutanen gida za su saba cewa naki ne. Kada ki tashi sai kin san abin da zai faru a gaba, har ki rubuta layi ɗaya na tunatarwa, don gobe ki zauna ki ɗora ba tare da kallon farin shafi ba. Kada ki koma gyaran babi na ɗaya alhali ba ki kai ƙarshe ba. Ina zargin wannan yana cikin abin da ya cinye miki shekara uku, domin gyaran farko yana da daɗi kuma yana kama da aiki. In a waya kike rubutu, ki riƙa ajiye kwafi a wani wuri daban kowane mako.

Ina kuma roƙonki, wannan karon kada ki saki babi ko ɗaya ga jama'a sai kin rubuta ƙarshe. Mai sakin labari babi-babi yana jin daɗin yabo da wuri, amma ya rufe wa kansa ƙofar komawa baya. Sau da yawa sai kin kai babi na 25 za ki gane ainihin abin da jarumarki take tsoro, sannan ki koma babi na 2 ki shuka shi. In kin gama, ki ajiye daftarin wata guda, ki karanta shi da babbar murya, sannan ki ba mutum biyu masu karanta irin wannan littafi, waɗanda ba sa jin nauyinki. Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi. Ki ce su nuna miki shafin da suka ji suna iya ajiye shi.

Kada ki fara na huɗu. Ki ɗauko wanda mutanensa suka fi zama miki a rai cikin ukun. A wannan makon kada ki rubuta babi ko ɗaya, ki ɗauki takarda biyu, ɗaya tata ɗaya tasa. A kowace ki rubuta abin da ya faru da shi tun kafin labarin ya fara, da ƙaryar da ya yarda da ita game da kansa saboda hakan, da abin da ɗayan yake yi cikin ƙauna wanda ke fama masa wannan ciwon. In kin cika takardun biyu, ki sake karanta babi goman da su a hannunki, ki yi alama a duk inda za ki shuka, sannan ki buɗe babi na 11.